Sau Uku a Kan Dogon Maɓalli

Litinin, da hantsi

Likita ya ce a nemi littafi a riƙa rubuta abin da ya ci da abin da ya sha da yadda ya kwana. Ni ban iya rubutu ba, ban iya karatu ba, ko sunana aka rubuta a bango wucewa zan yi. Matarsa ce ke rubutawa, ni ina faɗa. 'Yar nan, abin da na faɗa shi za ki sa, kada ki yi masa kwalliya.

Cokali huɗu ya ci. Ruwa rabin kofi, shi ma wani ya dawo ta gefen baki.

Ki sa ko wane ne shi, don in wani likitan ya ɗauki littafin kada ya zaci gungume ne aka ajiye a gado. Ɗana ne na fari. Akawu ake ce masa. Shekara ashirin da biyu yana shago a bakin kotu yana buga wa mutane takardu a kwamfuta: mai neman aiki, mai kai ƙara, mai son a mayar masa da filinsa. Mutum ya zauna ya yi ta zuba, shi ko kallon hannunsa ba ya yi, yatsu goma suna gudu kamar ana watsa tsakuwa a kwano. Yanzu saura ɗaya, manuniyar dama. Harshe ne ya fara tafiya bara, sai ƙafafu, sai hannun hagu. Sunan ciwon an faɗa mini sau uku, bai zauna a kaina ba, ni ma ban roƙe shi ya zauna ba.

Da wannan yatsar yake magana. An ɗora masa kwamfuta a kan teburin da ke shigowa saman gado, da allon dannawa nasa na shago, wanda suke ce wa kibod. Ya danna, magana ta fito a gilashi, wani ya karanta mini. Ni abu ɗaya na sani a jikin allon nan, dogon maɓallin da ke ƙasa. In ya buga shi sau uku, ni yake kira. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Har kicin ina ji, ko famfo na zuba.

Tun Asabar ban ji ba. Allon ya mutu. Ruwa ya shige shi. Ki sa haka kawai, ruwa ya shige shi.

Talata, bayan la'asar

Auta ce ke rubutawa yau, ƙanwarsa. Cokali biyar.

Mai gyara ya zo. Abokinsa ne tun suna samari, shagonsa na jikin nasa. Yana shigowa ya ce, "Akawu sarkin kwanciya, ka bar mini mutanenka suna damuna, ni da ban san inda ake sa waƙafi ba." Akawu ya motsa ido. Da ido yake dariya yanzu, sai wanda ya sani.

Ya kwance allon da 'yar sukudirebarsa, ya buɗe cikin, ya duba. Matarsa ta ce ai yawu ne, tunda bakin ba ya rufuwa kullum sai ya ɗiga a kai. Mai gyara ya ce, "Yawu wuri ɗaya yake sauka. Wannan ko'ina ya sha, har lungu." Ya kai hanci ya sunsuna. Ni sai na tuna na bar ruwa a wuta.

Da na dawo ya fito da wani daga jaka. Baƙi ne, roba zalla, a naɗe kamar ƙaramar tabarma. Ya shimfiɗa, ya ce a ba shi kofin ruwa, ya kwarara a kai muna kallo, ya kakkaɓe, ya jona. Ya yi aiki. Ya ce wannan babu kafar da ruwa zai bi, ko a bokiti aka tsoma shi lafiya lau, in dai ba a tsoma bakin wayar ba. Da ya ce bokiti ni ya kalla, ko kuwa ni ce na ga kamar ya kalle ni.

Auta ta ce an rabu da matsala. Kin faɗa mana, ki rubuta.

Laraba, da safe

Cokali uku. Bai danna komai ba.

Alhamis, da azahar

'Yar nan, ki sa cewa robar nan ba ta yi masa ba.

Na zauna na kalla. Tsohon allon maɓallansa tsaye suke, masu tsayi, ko gefe ya taɓa sun amsa. Wannan sai an danna tsakiya cif, an kuma danna da ƙarfi, in ba haka ba sai ya lotsa ya kwanta gefe kamar gyambo. Ƙarfin da za a yi wannan dannawar shi ne ba mu da shi. In kuma ya samu ya danna, kafin ya ɗaga yatsa abu ɗaya ya fito sau biyar. Kuma zamewa yake a kan teburin, sai da muka danne kunnuwansa da kwalbar magani da kofi.

Kalma ɗaya ya yi daga hantsi zuwa yanzu, kin ce "ruwa" ce. Kafin a gane, gumi ya jiƙa masa wuya.

Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Ba shi da murya. Na sa kunnena dab da shi yana dannawa, ko ƙis. Na ce wa Auta a waya abin nan bebe ne, ta ce, "Inna, ai shi ne kyansa, ba ya damun mutane." Wa ya ce mata ana damuna?

Asabar, da yamma

Ba na son a rubuta komai yau. To, ki sa cokali biyu.

Lahadi, da hantsi

Malama ce ke rubutawa, maƙwabciyarmu mai koyarwa a makarantar yara. Na aika a kira ta don matarsa ta tafi karɓo magani, kuma akwai maganar da ba zan iya faɗa wa 'yan gida ba. Malama, ki matso, ki rage murya in za ki tambaye ni.

Jiya matarsa ta fita, ni kaɗai ce da shi. Na gyara masa matashi, na ce ina kicin, in kana so na ka buga. Haka na saba faɗa, baki ya riga ya saba. Na wanke kwanuka, na wanke tukunya, na ga gindin murhu ya yi baƙi na tsaya gogewa. Ina gogewa ina cewa yau yaron nan ya sami barci.

Da na leƙa ya zame daga matashin. Fuskar ba irin tasa ba ce. Ba zan faɗi launin ba. Na ɗaga shi, na buga bayan, abin ya fita. Ya dawo. Ki sa ya dawo.

Da matarsa ta shigo ta dubi gilashin ta ce babu rubutu ko ɗaya, amma ɗan sandan nan mai ƙiftawa ya sauka har ƙasan shafi na biyu. Na ce me ke kai shi can? Ta ce dogon maɓalli. Ta faɗa kafin ta yi tunani, sai ta kama bakinta.

Shafi biyu yana kirana, Malama. Ina goge gindin murhu.

Yanzu ga maganar. Tsohon allon ba yawu ya kashe shi ba. Ranar da suka kai shi asibiti a duba shi, da safen ya yi amai a kai, aka goge sama-sama aka fita. Na zo na ga kiyashi suna shiga suna fita tsakanin maɓallai. Abin da ɗana ke magana da shi ke nan, kiyashi na yawo a ciki. Na taɓa jin Mai gyara yana cewa allunan yanzu har wanke su ake yi. Ban san akwai na wankewa da wanda ba na wankewa ba, ni duk allo allo ne. Na zare shi, na zuba garin sabulu a bokiti, na tsoma, na bi kowane lungu da tsohon buroshin haƙori, na ɗauraye sau uku, na shanya a rana. Ya fito fari tas, ban taɓa sanin fari ba ne. Na mayar wurinsa ina jiran a yaba.

Da suka dawo aka kwantar da shi, ya kalli allon, ya kalle ni. Ya danna dogon. Ƙarar tana nan, amma gilashi bai motsa ba. Ya sake. Shi ke nan.

Da a ce na yi shiru na bar masa mataccen a gabansa, ko kiran zai riƙa yi da shi. Amma an kwance, Mai gyara ya tafi da gawar.

Kada ki karanta wa kowa wannan shafin. Ki manna shi da na bayansa. A'a, bar shi. Ni ina zan san an manna ko ba a manna ba.

Litinin, da safe

Na dawo da kwanuka bakin ƙofarsa, a nan nake wankewa. Matarsa ta ce ina jiƙa daɓe. Cokali uku.

Talata, bayan la'asar

Auta, yau da ke nake, kuma ke za ki rubuta, ki ji da hannunki.

Tun hantsi Yayanki ke fama da robar nan. Ya danna ya huta, ya danna ya huta, har aka yi azahar. Na ga layi ya cika, ya sauka, wani ya cika. Layi huɗu na gani da idona. Kika zo kika duba, kika ce, "Inna, ya ce yau ya ji sauƙi."

Layi huɗu ne "yau na ji sauƙi"? Ni ban yi makaranta ba, amma na san tsawon magana. Shekara nawa ina kai masa abinci shago ina zaune ina jin mutum ya faɗi gajeriya a buga gajeriya, ya faɗi doguwa a buga doguwa.

Kin ce sauran duk kuskuren roba ne, haruffa ne suka ninku. To. Me ya kai ki banɗaki kika daɗe?

Ba kuka nake ba. Rubuta cokali uku.

Laraba, da azahar

Mai gyara ya dawo, matarsa ta kira shi. Ya kawo allo irin na kowa, ya lulluɓe shi da wata siririyar riga ta roba, ya ce wannan dabara ce ta masu kantin magani, ruwa ya sauka a rigar, allo ya tsira. Aka gwada. Yana da 'yar murya, amma kamar mai magana da bargo a ka. Kafin azahar rigar ta tattare gefe ɗaya, yawu ya bi ta ƙarƙashi ya taru, yatsarsa kuma santsi take yi ta faɗa kan maƙwabcin wanda yake nema. Mai gyara ya cire ya ce, "Wannan na mai shan shayi a ofis ne, ba naka ba ne, mutumina."

Na ce masa ba a iya sa kwamfutar ta faɗi abin da aka rubuta da bakinta? Na ji ana cewa suna yi. Auta da matarsa suka kalli juna. Mai gyara ya ce za a gwada. Muryar wata mata ta fito tana tauna maganarmu kamar mai ƙashi a baki, ko kalma ɗaya ban tsinta ba. Akawu ya rufe ido har sai da aka kashe ta. Na ga Auta ta saki numfashi. Na gani.

An mayar masa da robar.

Alhamis

Ba abin faɗa.

Juma'a, da yamma

Likita ya zo gida. Sun fita waje da matarsa da Auta, aka jawo ƙofa. Ni aka bar ni da riƙon kofi. Na ji ana cewa bututu, na ji ana cewa maƙogwaro, na ji matarsa ta ce, "Ya riga ya rubuta, ya ce a'a." Da suka shigo na ce me ya ce a'a a kai? Suka ce sabon magani ne mai ɗaci.

Ni na haife shi. Ɗaci bai taɓa hana shi shan magani ba, ko yana yaro.

Kowa a gidan nan ya san abin da ɗana ke faɗa, har likitan da ya zo jiya-jiya. Ni da na koya masa cewa "ruwa" ni ce ake juya wa magana. 'Yar nan, ban ce ke muguwa ce ba. Na ga yadda kika rame. Amma ki sa yadda na faɗa.

Cokali biyu.

Lahadi, da hantsi

Malama, yau da ɗan dama.

Mai gyara ya kawo na uku. Ya ce kwana huɗu yana nema. Wannan mai tauri ne irin tsohon, sai dai maɓallansa gajeru ne, kuma in aka kifa shi akwai 'yan huji a ƙasa inda ruwa ke fita. Ya ce ana ɗauraye shi a famfo a jingine ya tsane. Ya ce bai kai robar tsare ruwa ba, kada a bar shi ya kwana a jiƙe, amma wurin dannawa ba a haɗa su, wannan taɓawa kaɗan yake so. Sai ya juyo ya ce, "Inna, wannan ana wanke shi. Wannan ɗin." Na ce na ji.

Aka ɗora. Akawu ya daɗe yana lalube da yatsa, kamar mai neman ƙofa a gidan da ba nasa ba. Na ce bari in koma kicin a gwada. Na je na tsaya, na kashe famfo, na riƙe numfashi.

Tas, tas, tas.

Siririya ce, ba ta kai ta da ba, amma na ji. Na taho har ina tuntuɓe da bokiti. Na ce me kake so? Ya rubuta wani abu, Mai gyara ya karanta yana dariya: "Ba komai. Ina duba ko tsohuwa tana da gudu." Wannan na yarda shi ya faɗa. Babu mai iya ƙirƙiro wannan sai shi.

Cokali biyar, Malama. Ki rubuta da girma.

Talata, da safe

Uku.

Laraba, da yamma

Yau ya kira ni, biyu na ji. Na tsaya jiran na ukun, bai zo ba. Na je.

Allon ba shi da laifi. Na danna da kaina, yana amsawa.

Juma'a, da azahar

Hannun ba ya iya tashi daga teburi sai an tallafe. Ni ke tallafewa. In sa tafina a ƙarƙashin wuyan hannunsa, in ji inda yake so ya nufa in bi shi, shi kuma ya sauke yatsa. Matarsa ta gwada, ta ce ba ta jin inda yake so. Ni ina ji. Haka na riƙe shi da yana koyon tafiya, kana bi ne, ba ka ja.

Jiya da yau muka yi wata doguwa. Na riƙe carbi a ɗayan hannun, duk dannawa ɗaya in ja ƙwaya ɗaya. Carbi ya zagayo sau huɗu da ɗoriya. Da hannuna aka rubuta, ina ji a ƙashina, amma ban san me na taya shi faɗa ba.

Auta ta zo ta karanta. Ta ce, "Ya ce ki riƙa hutawa, Inna."

Na ce kada wanda ya goge. Na yafa ɗankwali a kan gilashin. Da Malama ta shigo na ɗaga mata na ce karanta mini. Ta karanta a ranta, na ga leɓenta na motsi, ta ce, "Inna, wannan maganar gida ce, ba ni zan faɗa ba." Ga ta nan tana rubuta wannan ma, kanta a ƙasa.

Tsorona ɗaya ne. Yatsar nan ta tsaya ban ji me ya ce mini ba.

Asabar, bayan la'asar

Mai gyara ne ke rubutawa, ya ce rubutunsa kamar kaza ta yi tonon ƙasa, na ce ni duk ɗaya ne a wurina.

Ni na aika a kira shi, na ce allo ya lalace. Ƙarya na yi. Da ya zo na yaye ɗankwalin na ce, "Kai ba ɗan gidan nan ba ne, kuma ba ka iya ɓoye abu a fuska ba. Karanta." Auta ta miƙe ta ce, "Don Allah, Yaya Mai gyara." Ya ce mata, "Ba ke aka rubuta wa ba." Ya sunkuya ya ce, "Mutumina, in karanta?" Akawu ya ƙifta ido sau ɗaya, ya riƙe. E ke nan.

Na ce a kwafe shi a littafin nan yadda yake, ga shi:

"Inna wannan na huɗu ke nan da na rubuta miki. Na san ke kika wanke allon. Tun daga ƙofa na ji ƙamshin sabulu. Shekara ashirin da biyu ban taɓa goge shi ba ya ci a ce an yi masa wanka. Ranar Asabar ma ba laifinki ba ne. Ba zan warke ba. Sun sani ke ma kin sani. Ba na son bututu. Ki bar ƙirga cokali. Kowa a garin nan ya zauna ya faɗa na buga masa ban da ke. Yanzu ina ji kina faɗa wa wasu. Ki faɗa mini ni ma."

Na sa ya maimaita, ina jan carbi a kan yadda yake faɗa, don in ga ko tsawon ya yi daidai. Ya yi.

Ban faɗi ba, ban yi ihu ba, ga su nan shaida. Abin da suke tsoro ke nan, wai zuciyata. Na ce wa Auta, "Sau huɗu?" Ta ce, "Inna, mun ga ba za ki iya ɗauka ba." Na ce ina ukun farko? An goge.

An goge.

Mai gyara ya ce in bar shi haka, ya ajiye biro.

Lahadi, da hantsi

Malama, na zauna in faɗa masa ya buga, kamar yadda ya roƙa.

Ni da na cika muku littafi da surutu, na rasa ta cewa. Na tallafe hannun, yana jira, idonsa a kaina irin yadda yake kallon masu zuwa shago. Na ce, "Yau ka ci cokali..." sai ya rufe ido. Na ce to, na bari.

Na tuna yadda mutane ke farawa, wai zuwa ga mai girma. Na ce ni wa zan rubuta wa, ga ka a gabana. Mai gyara yana bakin ƙofa ya ce, "Inna, ki taƙaita, akawun nan tsada gare shi."

Sai na ce, "To, buga: ina nan."

Muka fara. Tsakanin dannawa da dannawa sai ka sha ruwa ka dawo. Na bi hannun, na bi, na bi. Na zaci ya gama, sai na ji yana jan hannuna zuwa wani wurin, na bi. Ƙwaya goma sha uku na ja. A ciki dogon ya yi ƙara sau uku, shi na san muryarsa.

Na ce wa Mai gyara ya yi yawa, abin da na faɗa bai kai haka ba, faɗa mini gaskiya. Ya ce, "Ya buga naki, ya ƙara nasa. Ya sa: ina nan ni ma."

Na ce ya fitar mini da shi a takarda. Ya ce gobe zai kawo.

Litinin, da yamma

Ya kawo. An manna a nan. Layi ɗaya ne, ɗan gajere, a saman farar takarda.

Yatsar ba ta sauka ba yau. Na tallafe har hannuna ya mutu. Na ba shi labarin ranar da ya ɓata a tasha yana shekara huɗu, aka same shi a ofishin masu tikiti yana buga musu hatimi a kan tebur. Ya yi dariyar ido.

Laraba

Ina nan.

Alhamis, da safe

Ba a rubuta ba jiya da yamma. Ba za a rubuta ba.

Talata, da hantsi

Malama ce. Masu zuwa ta'aziyya sun ragu. An fitar da gadon, ɗakin ya yi faɗi, magana tana amsa kuwwa. Matarsa tana ɗakina take kwana, na ce ta zauna, ba inda za ta je sai in ita ta so.

Har yanzu in zan wanke kwano sai na rage famfo. Hannu ne ke yi, ba ni ba.

Ɗazu Auta na tattara kaya. Ta naɗe robar ta sa a leda, na ce a mayar wa mai shi, kada in sake ganinta. Sai ta ɗauki na ukun ta nufi kicin. Na ce ina za ki da shi? Ta ce, "Ɗauraye shi zan yi, Inna, duk ya yi maiƙo. Ai wannan ana wanke shi."

Na karɓa. A kan dogon maɓallin, can gefen dama, akwai wani ɗan wuri da ya yi ƙyalli, daidai girman kan yatsa. Kwana goma ne kawai, amma ya bar wurin. Na sa tawa a kai, ban danna ba.

Na ce mata na sani. Mai gyara ya faɗa, ya maimaita, ya nuna mini hujin. Wannan ana wanke shi.

Ba za a wanke ba.

Shi ke nan, Malama. Wurin cokali ki bar shi haka, kada ki ja layi.